Ƙwayoyin laftof, batirin antana ko na darma: wanne zai jure bazarar Damagaram?

Ɗan ƙanwata yana da rumfar cajin salula kusa da tasha. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo mini zaure da kwali a ka, ya dire a gabana ya ce, "Kawu, ga arziki na samo." Na buɗe, sai ga ƙwayoyin batir na tsofaffin laftof, kore da ja da shuɗi da ruwan hoda, sun haura ɗari. Wani ne ya kawo su daga Kano ta hanyar Matamaye, ya ce masa in an harhaɗa su za su yi aikin batir biyu na darma, kuma babu zancen zuba ruwa. Yaron yana tsakanin abu uku: ya haɗa waɗannan, ko ya ƙara kuɗi ya karɓi wani batirin antanar waya da aka yi masa tayi, ko ya sake sayen na darma irin wanda ya mutu masa bara.

Na ce, "Ɗauki kwalin nan ka kai shi tsakar gida, nesa da zana, sannan ka dawo mu yi magana."

Ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba. Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mutanen Damagaram da Maraɗi suka ƙara rungumar pano, wato faifan wutar rana. Layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa shi ne babban madogararmu, kuma ko da aka maido da kuran a watan Maris na 2024, ban ga wanda ya sauke panonsa daga kan rufi ba. Pano ba ya da rigima, ka share masa ƙura ya yi ta aiki shekara da shekaru. Batir ne mai cin kuɗi, shi ne kuma mai mutuwa. Shi ya sa duk wanda ya ji an ce litiyom na hannu, mai araha, sai kunnensa ya tashi.

Abin da nake so mai saye ya fara cirewa daga kansa shi ne cewa litiyom abu ɗaya ne. Gida biyu ne, kuma ba sa cin tuwo a kwano ɗaya. Gidan farko shi ne na laftof da salula da keken lantarki. Ƙwayarsa tana zama a bolt 3.6 ko 3.7, tana cika a 4.2, kuma ba a so ta sauka ƙasa da 3.0. Irinta ce kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Waɗanda ke cikin kwalin yaron nan 18650 ake ce musu, sunan kuma awo ne kawai: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. In ka duba jikinsu za ka ga an rubuta ICR, INR, NCR ko IMR. Gida na biyu shi ne wanda ake rubuta wa LiFePO4 ko LFP, a jikin ƙananan ƙwayoyi kuma IFR. Tasa ƙwayar tana zama a 3.2, tana cika a 3.65, iyakar saukarta 2.5. Shi ake samu a yawancin batiran antanar waya na yanzu da sababbin batiran pano.

Halinsu a gaban zafi ma ba ɗaya ba ne. Ƙwayar gidan farko, in zafin cikinta ya kai wajen digiri 150 zuwa sama, sinadarin da ke ciki yakan fara sakin iskar oksijin, wato ita ce itacen ita ce kuma mafici. Ta kama, ta kunna maƙwabciyarta, waccan ta kunna ta gaba, har damin ya ƙare. LFP kuwa tana riƙe da oksijin ɗinta gam, sai zafi ya wuce digiri 200 sosai kafin ta rikice. Tana kumbura, tana fitar da hayaƙi mai guba wanda shi ma yana iya kamawa da wuta, amma da wuya ta yi irin waccan tartsatsin. A 2006 kamfanin Dell ya janye batiran laftof miliyan 4.1 saboda haɗarin gobara, a 2016 kuma Samsung ya daina sayar da Galaxy Note 7 ɗungurum. Waɗannan sababbi ne fil, daga masana'antu masu injiniyoyi. To ina ga ƙwayar da ta yi shekaru a laftof ɗin wani, ta kwana a kwantena, aka ɓamɓaro ta da sukundireba a kasuwa?

Masu ƙera ƙwayoyin litiyom kusan duk sun haɗu a kan iyaka ɗaya: caji tsakanin digiri 0 da 45, amfani da wutar kuma har zuwa wajen 60. Ƙasan iyakar ba ta dame mu ba, sai wanda zai kai batirin Bilma ko tsaunukan Ayar cikin ɗari. Saman ce matsalarmu. A Afrilu da Mayu inuwa ma takan haura digiri 40 a garin nan. Shago mai rufin kwano, da ƙarfe biyu na rana, ƙofa a rufe, ya wuce haka nesa. Batirin kansa kuma yana ƙara nasa ɗumin yayin da yake shan caji. A nan gizo ke saƙa: ranar da ke cika batirin ita ce ke dafa shi. Mai wutar kamfanin NIGELEC yana iya cewa sai da asuba zai yi caji, mai pano ba shi da wannan zaɓin, don panonsa tsakanin hantsi da la'asar yake ba da ƙarfinsa. Babu kuma abin da ke tsufar da litiyom kamar ya cika maƙil ya zauna cikin zafi. Motar lantarki ta Nissan Leaf ta farko ba ta da abin sanyaya batir, kuma a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi ya yi kama da namu, suka yi ta kukan batirinsu ya rage ƙarfi da wuri. Mota ke nan sabuwa.

Saboda haka kafin a yi zancen wane batir, a fara da wane ɗaki. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na tsofaffin gidajen Birni ya fi shagon bulo mai kwano sanyi da rana tsaka, kowa ya san wannan da jikinsa. A ajiye batir ƙasa-ƙasa, kan bulo ko siminti, ba jikin bangon yamma ba, ba kuma can sama kusa da kwano ba. Wanda ba shi da wuri sai cikin kiyos na ƙarfe, ni dai ba zan ba shi shawarar ƙwayoyin laftof ba ko kyauta aka ba shi.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato wajen haɗa batir da abin cajinsa. Kusan duk regilater, wato abin da ke daidaita cajin da pano ke tura wa batir, da inbata da ke gidajenmu don batirin darma aka yi su. Regilater na bolt 12 yana tura batir har 14.4, sannan ya sauko ya riƙe shi a wajen 13.6 zuwa 13.8. Wasu kuma sukan tashi lokaci-lokaci su tura fiye da 15 don motsa ruwan batir. Bari mu ɗora ƙwayoyin laftof a kan wannan. Ana haɗa su ne dami-dami, kowane dami ƙwayoyi kafaɗa da kafaɗa, sannan a jera dammunan hawa-hawa don bolt ya ƙaru. Hawa uku yana cika a 12.6. Mai haɗawa ya ga 12 sai ya ce ai shi ke nan, ya dace. In ka ba shi 14.4, kowace ƙwaya ta sha 4.8, alhali iyakarta 4.2. Wannan ba caji ba ne, hura wuta ce. To a yi hawa huɗu? Shi kuma sai 16.8 yake cika. A 14.4 kowace ƙwaya 3.6 kawai ta samu, da ƙyar ta kai rabin cikinta, in kuma ka nemo abin da zai cika shi, yawancin inbatocin 12 suna kashe kansu tun wajen 15 ko 15.5. Ta ƙasa ma haka: inbata yana yankewa a wajen 10.5, a hawa uku ke nan kowace ƙwaya tana 3.5, da sauran wuta a cikinta ba a ci ba. Ko ta ina ka ɓullo, gidan farko ba ya zama lafiya da kayan bolt 12.

A bolt 24 ne lissafin ke faɗa masa daidai, in an yi hawa bakwai. Cajin darma na 28.8 in ka raba bakwai ya ba ka 4.11 kowace ƙwaya, ƙasa da iyaka kaɗan, yankewar inbata a 21 kuma ta ba ka 3.0 cif. Amma sai an kashe wancan turin na motsa ruwa, don in ya tashi ya kai 31, kowace ƙwaya ta wuce 4.4. Regilater mai araha wanda ba a iya sauya masa lamba, ko wanda ba ka san abin da yake yi ba, bai cancanci a jingina masa litiyom ba.

LFP kuwa kamar don kayan darma aka yanka masa riga. Hawa huɗu yana zama a 12.8, yana cika a 14.6, ga shi 14.4 in ka raba huɗu 3.6 ne, cikin iyaka. Ni nakan sa 14.0 ko 14.2 ma, don abin da ake ƙaruwa da shi daga nan zuwa 14.6 bai taka kara ya karya ba. Shi ma a kashe masa turin motsa ruwa, a kuma kashe gyaran da regilater ke yi wa bolt gwargwadon zafi ko sanyi, don darma aka yi wannan.

Ko a gidan farko, ba dole ba ne a kai 4.2. Wanda ya tsaya a 4.1 ya bar kamar kashi 10 cikin ɗari na wutar, amma ƙwayar tana iya ninka yawan cajin da za ta jure. A zafinmu, tsohuwar ƙwaya, ni 4.0 nake tsayawa, in kuma daina ja a 3.3. Hawa bakwai ke nan 28.0 a sama, 23 da ɗoriya a ƙasa.

Masu haɗawa sukan ce, "Ai akwai BMS, shi zai yanke." BMS ɗin nan, ɗan allon da ke lura da kowane hawa, dole ne, babu batirin litiyom da zan yarda a kunna ba shi. Sai dai mai gadi ne na ƙarshe. In kullum shi ke yanke caji saboda regilater yana tura fiye da ƙima, ranar da ya gaji ya ƙone babu kowa a bayansa. Kuma akwai na gidan farko akwai na LFP, kamanninsu ɗaya. Na gidan farko sai wajen 4.25 yake yankewa, in ka ɗaura shi a LFP zai zuba ido ƙwayoyin su wuce 3.65 har su kumbura. A nemi mai ɗan wayar jin zafi, a manna ta a tsakiyar dami inda ya fi ɗumi. A sa fis kusa da bakin batir. Daidaita hawa da BMS mai araha ke yi ma ɗan tsiyaye ne, ƴan miliampa, ba zai gyara damin da aka haɗa da ƙwayoyi masu bambancin ƙarfi ba.

Wannan ya kawo mu ga ainihin kuɗin ƙwayoyin laftof, wanda ba a aljihu ake biyansa ba, a lokaci ake biya. Kowace ƙwaya sai an bi ta ita kaɗai. Da farko ido: mai tsatsa, mai lotsewa, mai wari kamar na man goge farce, duk waje. Wadda rigarta ta yage sai an sake mata wata, don duk jikin gwangwanin nan waya ce, in ya taɓa na wani hawa an gama. Sai mita: wadda aka samu ƙasa da bolt 2.0 a ajiye ta gefe. In ƙwaya ta daɗe a can ƙasa, tagullar da ke cikinta takan narke, in an sake caji ta taru wuri guda ta zama siririn tsinke mai iya huda tsakani. Za ta karɓi caji, mita ta nuna lafiya lau, ciwon yana ciki. Na san masu "tayar" da irin waɗannan su sayar, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya sa su a ɗakin da yake kwana ba.

Waɗanda suka tsallake sai a yi musu caji a hankali, kan siminti, kana zaune kana taɓa su. Wadda ta yi zafi ana cikin caji, waje. Bayan sun cika a rubuta bolt ɗin kowace a jikinta, a bar su mako biyu zuwa huɗu, a sake aunawa. Wadda ta zube ita kaɗai, ta sauka daga 4.2 zuwa ƙasa da 4.1, tana yoyo a ciki, kuma a dami za ta riƙa tsotse ƴan uwanta dare da rana. Wake ɗaya ke ɓata gari. Daga nan sai awon ƙarfi da caja mai auna miliampa. Ƙwayar tsohon laftof tana sabuwa galibi 2000 zuwa 2600 take ɗauka. Wadda ta koma ƙasa da kashi 70 ko 80 na abin da aka rubuta mata ta kama hanyar gangara. Wadda kuma aka rubuta wa 6800 ko 9900, ƙarya ce tsagwaronta, don 18650 ta gaskiya da wuya ta wuce wajen 3500. Ka ɗora ta a sikeli: ta gaskiya giram 45 ce ko kusa da haka, ta bogi sau da yawa ba ta kai ba. Cajar da ke auna huɗu a lokaci guda, in ka matsa mata, ƙwayoyi goma sha biyu za ta gama maka a yini. Ka lissafa kwana nawa ƙwaya ɗari biyu za ta ci.

Me ya sa na ce ɗari biyu? Ƙwaya mai 2000 a bolt 3.6 tana ɗauke da wat 7.2 na awa ɗaya. Kilowat ɗaya na awa yana son wajen 140. In za ka tsaya tsakanin 4.0 da 3.3 kamar yadda na ce, sai ka kusanci 200. Fanka ta tsaye mai cin wat 50, in ta kwana tana juyawa awa goma, ta cinye rabin wannan. Sannan akwai iyakar ampa. Tsohuwar ƙwaya ba na ba ta fiye da rabin ampa a caji, ba na kuma jan fiye da ampa ɗaya daga gare ta. Saboda haka ka duba ampa nawa panonka ke turowa, ka ninka biyu, shi ne mafi ƙarancin ƙwayoyin da kowane dami zai ƙunsa. Pano mai wat 200 a kayan bolt 12 yakan ba da ampa 10 zuwa sama, wato ƙwaya ashirin ko fiye a kowane dami. Firiza kuwa, a lokacin da injinta ke tashi takan ja ninkin abin da take ci sau da yawa, kuma ƙwayoyin laftof ba don irin wannan fizga aka yi su ba. Wajen haɗawa ma, liƙa waya da darma kai tsaye a kan ƙwaya yana dafa bakinta. Waldar ɗigo da siririn ƙarfen nikel ita ce hanya, kuma ba kowane mai gyara ke da injinta ba.

Batirin antanar waya ya kuɓutar da kai daga duk wannan. Yana zuwa a akwatin ƙarfe, da BMS ɗinsa a ciki, galibi bolt 48, ampa 50 ko 100 na awa, ƙwayoyinsa manya kuma iri ɗaya daga masana'anta ɗaya. LFP sabo yana jure cikawa da saukewa sau 2000 zuwa sama, inda ƙwayar laftof sabuwa take da 300 zuwa 500, don haka ko ya tsufa yakan zo da sauran kwana. Amma shi ma yana da nasa tarkon. Na farko, bolt 48 ne, inbatanka na 12 ko 24 ba zai yi ba, sai ka sayi wani. Na biyu, akwai mai hawa 15 akwai mai hawa 16, duka ana ce musu 48. Mai 16 an rubuta masa 51.2, iyakar cikarsa 58.4. Mai 15 an rubuta masa 48.0, iyakarsa 54.75. In ka sa wa mai 15 lambar mai 16, ka ce 57.6, kowace ƙwaya ta sha 3.84. Ka karanta takardar da ke jikin akwatin, in an kankare ta ka tambayi kanka dalili. Wasu daga cikin batiran nan kamfanoni ne suka sauke su bayan sun yi zamaninsu, wasu kuwa da dare aka sauke su. Akwai masu kulle na cikin kwamfuta da ke daina ba da wuta in an raba su da antanarsu, akwai masu abin bin sawu. Wanda ba zai ba ka rasit da sunansa ba, ka bar masa kayansa.

Na uku shi ne wanda ya fi kama mutane. LFP ba ya nuna cikinsa a mita. Tun daga kusan kashi 20 har zuwa kashi 90, ƙwayar tana nan tsakanin 3.2 da 3.3 da ɗoriya. Mai sayarwa zai ɗora mita ya nuna maka 13.2 ko 53, ya ce ka gani da idonka. Ba ka ga komai ba, wanda ya rage rabin ƙarfinsa ma haka zai nuna. Ba a cinikin biri a sama: a cika shi, a ɗora masa kaya, a duba agogo. In na bolt 12 ne, ƙwan fitilar mota mai wat 55 yana jan wajen ampa huɗu da rabi. Batirin da aka rubuta wa ampa 100 ya kamata ya riƙe shi awa ashirin da wani abu. In ya mutu a awa goma sha biyu, ampa 54 ke gare shi, kuɗin 54 za ka biya. Na 48 sai a gwada shi ta inbata da kayan da aka san cinsu. In ƙwayoyin a buɗe suke, ka kwantar da rula a jikin kowace, mai tumbi ta sha wuya.

Ana kuma kawo batiran keken lantarki da faifan batirin motar lantarki. Duk ƴan gidan farko ne galibi. Na keke mai 36 hawa goma ne, yana cika a 42, mai 48 kuma hawa goma sha uku, 54.6. In cajarsa ta asali ba ta biyo shi ba, kada a yi masa aron wata don kawai bakinta ya shiga. Faifan mota ƙwayoyinsa nagari ne, amma ba ka san ko daga motar da ta yi hatsari ko ta nutse a ruwa aka ciro shi ba. Batiran salula da na fawabank masu rigar leda kuwa, musamman masu kumburi, ba na ma sa su a lissafi.

Kada a raina na darma. Nauyi gare shi, mai ampa 100 yana kusan kilo 30 inda LFP irinsa bai wuce 12 ko 13 ba. Rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, wato wat 600 na awa daga cikin 1200. Zafi yana cinsa shi ma, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana raba kwanansa biyu, shi ya sa ba ya yi mana shekarun da aka rubuta a kwalinsa. Na ruwa yana son a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, ba na rijiya ko na famfo ba, yana kuma fitar da iska mai kamawa da wuta, don haka ba a rufe shi a akwati. Amma yana da haƙuri. Regilater ɗin da kake da shi nasa ne, kowane mai gyara a Kasuwar Dole ya san shi, in an yi masa kuskure yakan mutu ne kawai, ba ya cika tafiya da ɗaki. In ya mutu ma ana sayen gawarsa. Sai dai kada a bari a fasa shi ana narka darmar a cikin gida: a Caroy, wata unguwa a gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda wannan sana'a.

Da za a tambaye ni gida-gida, ga yadda zan raba. Hajiyar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, firizarta ba ta hutawa, ta nemi LFP, na antana mai takarda ko sabo in da hali, da inbata mai karɓar lamba. Magidancin da ke son fanka biyu da ƙwan fitila da talabijin, yana da regilater ɗin da ba a sauya masa komai, kuma babu mai lura da kayan in ya fita, ya zauna a kan na darma har ya tara kuɗin sauya batir da regilater tare. Ƙwayoyin laftof na bar wa mai sana'ar, wanda ke da mita da cajar awo da haƙurin wata guda, kuma ko shi don ƙananan abubuwa: cocila, rediyo, fitilar mai shayi, ƙaramar fanka, dami na ƙwaya huɗu ko shida wanda in ya yi gardama za ka iya shure shi waje da ƙafa.

Kowanne ka zaɓa cikin na litiyom, kada ya kwana a ɗakin da ake barci, kada ya tare ƙofar fita, kada ya haɗa wuri da jarkar fetur ko katifa. In ka ji wari mai zaƙi-zaƙi, ko ƙara kamar iska na fita daga taya, ko ka ga hayaƙi, a fitar da yara tukuna, a cire pano da kuran in hannu zai kai ba tare da an shiga hayaƙin ba, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Hayaƙin nan guba ne. Rairayi yana rufe harshen wuta amma ba ya sanyaya ƙwayoyin, ruwa mai yawa daga nesa shi ke hana ta tsallakawa zuwa na gaba. Wanda ya mutu ma a bar shi a fili kwana ɗaya ko biyu, don yakan sake tashi.

Kwalin yaron nan wata ɗaya ya yi a tsakar gidana, ƙarƙashin rumfa, cikin tsohuwar tukunyar ƙarfe. Fiye da rabi sun faɗi tun a ido da mita, wasu suka yi zafi a caji, wasu suka zube a makonnin jira. Da ya ga abin da ya rage sai ya ce, "Kawu, ashe rabin kuɗina shara na saya." Na ce ai rumfarsa ta kwano ce, ko duka sun tsira ba zan bari ya kai su can ba. Mai batirin antana kuma da aka ce ya kawo rasit sai ya daina ɗaga waya. Daga baya ya samu LFP na bolt 12 na hannu wurin wani mai pano, muka ɗaura masa ƙwan mota tun bayan isha'i, bai mutu ba sai bayan azahar ta washegari, muka yi ciniki a kan abin da agogo ya nuna. Ya sauya regilater, na sa masa 14.0, ya gina wa batirin ɗan akurki na tubalin ƙasa a bayan rumfar, gefen gabas, da tagogi biyu. Ƙwayoyin da suka tsira mun yi fitilu shida da su, ɗaya tana wurin uwarsa, tana tuyar ƙosai da ita da asuba.